Tambayi Likita: Lafiyar Jiki a Doguwar Tafiyar Ayarin Kekuna

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan doguwar tafiya da keke cikin ayari, irin wadda ake kwanaki ko watanni ana yi. Wadda ta fi suna a nahiyarmu ita ce Tour d'Afrique, da aka fara a 2003, daga Alƙahira zuwa Cape Town, kusan kilomita 12,000 cikin wata huɗu. Hanyarta ta asali ta bi ta Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Botswana da Namibiya. Kullum a tashi da asuba, a naɗe tanti, a loda jaka a babbar mota, a karya kumallo, a hau keke. Ana cin kusan kilomita 120 a yini, motar abinci na jira a tsakiyar hanya, a isa zango da la'asar, kafin ƙarfe tara kowa ya yi barci. Gobe ma haka. Abin da ke sauke mutum daga keke a irin wannan tafiya ba kasafai yake zama gajiyar ƙafa ba. Fata ce, da ciki, da ruwa, sai kuma jin kunyar a ce ya gaza.

Assalamu alaikum Likita. Mu takwas ne muke shirin tafiya daga Kano zuwa Abuja a kan keke a watan Afrilu. Ruwa nawa ya kamata kowa ya riƙa sha? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Wa alaikumus salam. Kafin maganar ruwa, me ya kai ku zaɓar Afrilu? Wata ne da zafin Kano kan kai digiri 40 ko ya wuce. In da hali ku ɗaga zuwa Nuwamba ko Disamba. In babu, ku tashi bayan sallar asuba, ku nemi inuwa daga ƙarfe 11, kada ku koma titi sai bayan la'asar. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 yana atisaye cikin zafi kafin ya saba, don haka ku fara tun yanzu.

Mai tuƙa keke cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Ba kowa da kowa ne daidai ba, saboda haka ka auna kanka: hau sikeli kafin atisaye, ka sake hawa bayan ka sauka. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kamar lita ɗaya ce ta ruwa. Galibin mutane rabin lita zuwa lita ɗaya a awa tana riƙe su, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Fitsari ma yana ba da labari: in ya yi ja ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba.

Ga inda mutane ke kuskure. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Wanda ya yini yana ɗirkar ruwa zalla, gishirin jininsa na iya yin ƙasa, ya fara ciwon kai da amai da ruɗewa, abokai su zaci ƙishirwa ce su ƙara ɗura masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ku riƙe fakitin ORS, ko ku haɗa da kanku: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku kuma ci abinci a hanya. Dabino, ayaba, gyaɗa mai gishiri, duk bayan minti arba'in ko awa a jefa wani abu a baki.

In ɗayanku ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya kasa gane inda yake, jikinsa ya yi zafi jau, wannan bugun zafin rana ne kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ana yi ana neman motar asibiti. Kada a tsaya ba shi farasitamol, ba ya aiki a nan.

Likita, don Allah a sakaya sunana. In na daɗe a kan keke, maruru na fito mini a matsematsi, wani lokacin kuma gabana ya sage kamar ba nawa ba. Ina da aure, ina tsoron kada abin ya taɓa ni.

Malam, ka yi kyau da ka tambaya, domin da yawa suna fama da shi suna shiru. Abu biyu ne daban.

Marurun daga gogayya da gumi da ƙwayoyin cuta yake. A doguwar tafiya yana cikin manyan abubuwan da ke hana mutum hawa keke. Ka nemi gajeren wando na 'yan keke mai soso a ƙasa, aƙalla biyu, kuma ba a saka kamfai a ƙarƙashinsa, domin ɗinkin kamfan shi ke yanka fata. Ka shafa man kaɗanya ko basilin kafin ka hau. Da isarka zango, kafin ka nemi abinci ko ka zauna hira, cire wandon, ka wanke wurin da sabulu, ka busar, ka wanke wandon ka shanya. Ko ruwan buta ɗaya ya isa. Idan ya kumbura ya tara ruwa, ko jan ya fara yaɗuwa da zazzaɓi, kada ka matse. Ma'aikacin lafiya ya duba, wataƙila sai an tsaga ko an ba da maganin ƙwayoyin cuta.

Sagewar kuwa, sirdi ne ke danne jijiyar da hanyoyin jinin da suka bi ta tsakanin dubura da gaba. Nauyinka ya kamata ya zauna a kan ƙasusuwan ɗuwawu biyu. Ka daidaita sirdin ya kwanta sosai, kada bakinsa ya kalli sama. Ka nemi mai tsaga a tsakiya. Kuma duk bayan minti goma zuwa sha biyar ka miƙe a kan feda na ɗan lokaci. Sirdi mai laushi tuɓus ba shi ne mafita ba, yakan ma fi danna wurin don jiki na nutsewa a ciki. Sagewar da ta tafi bayan ka sauka galibi ba ta barin illa. Wadda ta kwana ta wuni, ko ka ga rauni a shimfiɗa, ka ajiye keken ka ga likita.

Likita, abokanmu na cewa sai da tramol ko diclofenac ake iya jure irin wannan tafiya. Gaskiya ne? (Daga Maraɗi)

Ba gaskiya ba ne, kuma wanda ya ba ka wannan shawara bai so ka ba. Tramol yana sa jiri da gyangyaɗi, yana iya jawo farfaɗiya, ga kama jiki. Ka duba mutum a tsakiyar ayari, taya kusa da taya, tirela na wucewa a gefe, idonsa na lumshewa. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana shi a gasanninta tun Maris na 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya kuma ta bi sahu daga Janairun 2024.

Diclofenac da ibuprofen su ma ba abin wasa ba ne ga wanda ruwan jikinsa ya yi ƙasa: suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna kuma cin bangon ciki. Ciwon da kake son dannewa yawanci daga keken yake. In gaban gwiwa ke ciwo, sirdi ya yi ƙasa. In bayanta ne, ya yi sama. A lokacin da feda ta kai ƙasa, gwiwa ta ɗan tanƙwaru kaɗan. Ka sa giya mai sauƙi ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, ya fi ka yi ta dannawa da ƙarfi. Ranar da jiki ya ƙi, ka shiga motar rakiya. Don haka aka tanade ta.

Likita, shekarata 54, ina da ciwon suga da hawan jini, amma ina hawa keke kullum. Zan iya bin 'ya'yana tafiyar kwana biyar?

Alhaji, mai yiwuwa ne, amma sai likitanka ya gan ka, ya auna zuciya da ƙoda, ya duba magungunanka. Insulin da glibenclamide suna iya sa suga ya faɗi warwas a hanya, har ma cikin dare bayan an sauka, don haka sau da yawa akan rage su a ranakun tafiya. Shi zai faɗa maka nawa. Magungunan hawan jini masu sa fitsari kuma suna ƙara busar da jiki cikin zafi. Ka tafi da na'urar awon suga, ka riƙe alewa a aljihu, ka sanar da yaran cewa in sun ga kana rawar jiki da gumin sanyi su ba ka abu mai zaƙi nan take. Insulin ba ya son rana, a ajiye shi cikin kula mai sanyi a mota. Kowane dare ka duba tafin ƙafarka. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama da bai dace da aikin da kake yi ba, tafiya ta ƙare a nan.

Likita, ɗana haifaffen Ingila ne, zai shiga ayarin da ke ratsa Malawi da Zambiya. Me zan sa ya tanada?

Hajiya, tunda a can ya tashi, jikinsa bai san zazzaɓin cizon sauro ba, dole ya sha maganin riga-kafi. In doxycycline aka ba shi, ya sani yana sa rana ta fi ƙona fata, kuma ana ci gaba da sha har mako huɗu bayan barin yankin. Ya riƙa zuge ƙofar tantinsa tun magariba. Ya je asibitin matafiya wata biyu kafin tashi don allurar tetanus, taifot, ciwon shawara da haukan kare, domin karnukan ƙauye na son bin mai keke. Gudawa kuwa a zango take yawo daga hannu zuwa hannu: sabulu kafin a taɓa tukunya, sabulu bayan an zaga. In da jini ko zazzaɓi a ciki, kada ya sha maganin tsayar da ita, a duba shi. Tafkin Malawi yana da tsargiya. In zafi ya sa ya faɗa ciki, ya yi gwaji bayan wata biyu zuwa uku ko da bai ji komai ba. Maganinta praziquantel ne.