Na'urar numfashi ce ta lalata huhun ƙanena?

Tambaya: Likita, ƙanena ya yi hatsarin babur a hanyar Ringim, ya zubar da jini sosai. Wani mai kemis ya ƙara masa ruwa leda huɗu, sai washegari muka kai shi Kano. Yanzu yana kan na'urar numfashi, an ce huhunsa ya kumbura. Dangi sun ce na'urar ce ke kashe shi, a cire. Ni yayarsa ce, na rasa abin yi.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Kada ku yarda a cire.

Gaskiya ne na'ura kan ji wa huhu rauni idan iskar da take hurawa ta yi yawa. Amma huhun ƙanenki ya jigata tun kafin ya iso Kano. Idan jini ya zuba har gaɓoɓi suka rasa oksijin, sannan aka farfaɗo da mutum, fararen ƙwayoyin jini kan harzuƙa su taru a huhu, ƙananan jijiyoyinsa su fara yoyo. Irin wannan huhu ba ya jure hurin da lafiyayye zai jure. Shi ya sa muke auna tsayin majiyyaci, mu ƙiyasta nauyinsa, mu hura masa iska mililita 6 kacal a kowane kilo na nauyinsa, a duk numfashi ɗaya. Wani babban bincike a Amurka a 2000 ya nuna hakan ya rage mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31, idan aka kwatanta da mililita 12.

Ledojin nan huɗu su ne suka tsaya mini a rai. Kullum muna fama da wannan: zazzaɓi a ƙara ruwa, gajiya a ƙara ruwa, har wanda jini ke zuba a cikinsa a rataya masa leda a jikin ƙusa, a ce ya ji sauƙi. Ruwan gishirin da ke cikin ledojin ba ya ɗaukar oksijin. Tsinka sauran jinin yake yi har ya kasa daskarewa, zubar ta ƙaru, rarar kuma ta tsiyaye cikin huhun da ke yoyo. Wanda ya zubar da jini, a tsayar da zubar, a ƙara masa jini. Akwai ma allurar tranexamic acid mai rage zubar jini, mai araha, amma amfaninta cikin awa 3 na farko bayan rauni ne, shi kuwa ya kwana a bencin kemis. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, in an kawo muku wanda ya yi hatsari ku ɗaure raunin ku tura shi asibiti nan take.

Ke kuma ki tara mazan gidanku su je su ba da jini yau.