Umrar Hajiya: jirgin kai tsaye ko mai yada zango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai mahaifiyata Umra, shekarunta 72, tana kuma fama da ciwon gwiwa. Ejan ya kawo mini tikiti iri biyu: na Kano zuwa Jidda kai tsaye, da wani mai rahusa daga Abuja wanda zai yada zango a Addis Ababa. A na Kano an rubuta tashi ƙarfe 1 na rana, sauka ƙarfe 8 na dare. Awa bakwai ke nan a sama? Wanne zan saya? Daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri, ya sa albarkar Hajiya ta bi ka.

Ba awa bakwai ba ne. Kowane lokaci da ka gani a tikiti agogon garin da ake magana a kai ne, kuma Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Ƙarfe 8 na Jidda ƙarfe 6 ne a nan, wato awa biyar za ku yi. Hakan ya dace da nisan, domin daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, jirgin fasinja kuma yakan ci wajen kilomita 800 a awa. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato, inda alhazanmu ke tashi lokacin Hajji, nisan ya kai wajen 3,700. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka riƙa zagaye, don haka ka tambayi ejan hanyar da jirgin yake bi yanzu.

Ta Addis Ababa tafiyar ta kusa kilomita 4,900, fiye da awa bakwai a sama, ban da zaman jira. Ga sauka, ga doguwar tafiyar ƙasa cikin filin jirgi, ga sake bincike, ga sake hawa. Da kai kaɗai ne, sai in ce ka rage kashe kuɗi. Amma Hajiya tana buƙatar gwiwar nan don ɗawafi da sa'ayi, kada ta ƙare a hanya. Sayi na kai tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne isa Kanon. Hanyar mota ta Gusau doguwa ce, fiye da kilomita 500, ga batun tsaro. Ku fita da sassafe, ku isa da rana, ta kwana biyu ta huta kafin ranar tashi. Kuɗin mota da masauki ma ka sa su a lissafi, kamar yadda za ka sa kuɗin jirgin Sakkwato zuwa Abuja a ɗaya tikitin. A nan ne za ka ga ainihin bambancin farashin.

Tun wajen biyan kuɗi ka sa ejan ya nema mata keken marasa lafiya da kujerar gefen hanya kusa da banɗaki. Kai kuma ka shirya haraminka tun daga Kano, domin a sama za ku wuce miƙati kafin ku sauka Jidda.