Jarida, talabijin da labarin zane: marubuci ɗaya zai iya riƙe su duka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata huɗu ina aikin jarida, ina ɗauko rahoto, wani lokaci in rubuta sharhi. Amma tun ina yarinya raina yana kan shirye-shiryen talabijin masu dogon zango da littattafan labarin zane. Abokan aikina suna ce mini taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Shin mutum ɗaya zai iya cin abinci da su duka, ko in haƙura in tsaya inda nake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zai iya, kuma an yi. J. Michael Straczynski, ɗan Amurka, da aikin jarida ya fara. Daga baya ya ƙirƙiro shirin Babylon 5, inda ya rubuta kashi 92 cikin 110 da hannunsa, sannan ya riƙe labarin zane na Spider-Man a kamfanin Marvel daga 2001 zuwa 2007. Ta-Nehisi Coates yana rubutu a mujallar The Atlantic lokacin da ya fara rubuta wa Marvel labarin zane na Black Panther a 2016. Sai dai akwai ƙamshin gaskiya a maganar abokan aikinki: ba a lokaci guda ake koyon su ba, kuma kowanne zai nemi ki sauke wata ɗabi'a da ɗayan ya ɗora miki.

Jarida ta riga ta ba ki jari mai yawa. Kin saba da wa'adi, kin san rubutu ba ya jiran sai ilhama ta sauko. Kin saba edita ya datse sakin layin da kika fi so, ki haɗiye ki ci gaba. Mafi tsada kuma, kin yi shekara huɗu kina sauraron yadda mutane ke magana da gaske, yadda mai laifi ke kewaye-kewaye, yadda wanda aka zalunta ke maimaita kalma ɗaya. Marubuta wasa da yawa suna tsufa ba su samu wannan kunnen ba.

Amma jaridar ce kuma za ta fara yi miki ƙafar ungulu. An koya miki ki zuba komai a sakin layi na farko: wa, me, ina, yaushe, don me. A wasan kwaikwayo wannan kashe labari ne. Mai kallo yana zaune ne saboda abin da ba a faɗa masa ba tukuna. Rubutun farko na yawancin 'yan jarida da na duba, ciwonsu ɗaya: kowane ɗan wasa yana bayani tiryan-tiryan kamar a taron manema labarai. Matar da ta yi fushi da mijinta ba ta jero masa dalilai, tambayarsa take ko ya kulle ƙofa, da wata irin murya.

A talabijin lokaci ake aunawa. Shafi ɗaya na rubutun wasa kusan minti ɗaya ne a allo, kuma kowane layi kuɗi ne. Kika rubuta "taron jama'a cikin ruwan sama da dare", furodusa zai fara lissafin mutane da fitilu da kwanakin ɗauka. Sannan aikin na gayya ne. A Amurka marubuta kan zauna ɗaki ɗaya su tsara zango gaba ɗaya, a raba kashi-kashi, shugaban shirin ya sake rubuta duk abin da ya ga dama. Sunanki zai iya fitowa a kashin da rabin maganganunsa ba naki ba ne. Wanda ba zai jure wannan ba, gara ya sani tun da wuri.

Labarin zane ne na fi so ki ba wa hankalinki, domin shi aka fi rainawa, shi kuma ya fi ba sabon shiga wahala. A nan fili ake aunawa. Fitowa ɗaya ta irin na Amurka shafi 20 ne zuwa 22, kowane shafi akwatunan hoto biyar ko shida galibi. Hoton kuma ba ya motsi. Ba za ki ce "ya shigo ya cire hula ya zauna" a akwati ɗaya ba, sai ki zaɓi ƙiftawar ido ɗaya tak, mai karatu ya cike sauran da kansa a ratar da ke tsakanin hoto da hoto. Maganar da ta wuce kalma 25 ko 30 takan danne zanen. Har buɗe shafi dabara ce: ido yana ganin shafi biyu a tare, don haka abin mamaki ana ɓoye shi ne a bayan takarda, sai an juya a ci karo da shi.

Abin da ke burge ni a wannan aiki shi ne, rubutunki mutum ɗaya ake yi wa, wato mai zane. Kamar wasiƙa ce. Wasu suna tsara kowane akwati dalla-dalla. Wasu suna bin hanyar da marubuci Stan Lee ya bi da masu zane Jack Kirby da Steve Ditko a shekarun 1960, a ba mai zane gundarin labari ya tsara shafuka, daga baya a sa magana. Ko wacce kika bi, ki tuna shafin da kika rubuta cikin rabin awa zai iya cinye masa yini guda. Ki tambaye shi abin da yake jin daɗin zanawa. In fuskar da ya zana ta riga ta faɗi abin da kika sa a bakin mutum, ki goge maganarki.

Sai batun mallaka, wanda nan ne hawaye suka fi zuba. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130. Sai a 1975, bayan sun tsufa cikin ƙunci, aka amince a riƙa ba su kuɗi duk shekara a kuma mayar da sunansu a kan aikin. Irin wannan damuwa ce ta sa masu zane bakwai suka bar Marvel a 1992 suka kafa Image Comics, inda mai ƙirƙira ke riƙe da haƙƙin abinsa. A talabijin ma, marubutan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023 kan ladan shirye-shiryen da ake haskawa ta intanet da kuma amfani da ƙirƙirarriyar basira. Kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki san amsar tambaya ɗaya: in labarin nan ya zama fim gobe, na waye?

Shawarata, kada ki ajiye aikinki yanzu. Albashin jarida ne zai saya miki lokacin koyo. Ki nemi mai zane da yake farawa kamar ke, ku yi labarin shafi shida ko takwas, ku kai shi ƙarshe, ku rubuta yarjejeniyar rabon haƙƙi ko da shafi ɗaya ce. Bayan nan ki rubuta kashin farko na shirin da ke ranki. Editoci da furodusoshi aikin da aka kammala suke son gani, dabara kowa yana da ita.

Akwai iyakar da nake roƙonki kada ki tsallake. Sirrin da majiya ta ba ki don rahoto amana ce, ba ya halatta ki sauya suna ki zuba shi a wasa. Ranar da kuma kika kai wa wani kamfani rubutunki, ki sanar da editanki, ki daina yin sharhi a kan shirye-shiryen wannan kamfanin har sai kun rabu.