Wai da gaske kalmar dala daga Jamusanci ta fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan canji ne a Ikeja, gardama ce ta kaure tsakanina da abokin sana'ata ɗan Maraɗi, shi wai kalmar dala ba ta Amurkawa bace ta Jamusawa ce, kuma wai kakanninmu sun santa tun da daɗewa. Dan Allah a raba mana gardama. Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokin nan naka gaskiya ya gaya maka, kuma wallahi naji daɗin tambayar, don abin da mutum yake ƙirgawa safe da yamma ya kamata ya san asalinsa.

Akwai wani kwari a ƙasar Bohemiya da ake kira Joachimsthal, yanzu yana cikin ƙasar Cek, sunan garin Jáchymov. A 1516 aka gano azurfa a wurin, zuwa wajen 1520 sarakunan yankin suka fara buga manyan sulalla da ita. Thal da Jamusanci kwari ne, to sai aka riƙa kiran sulen Joachimsthaler, wato ɗan kwarin Joachim, ka san bakin 'yan kasuwa ba ya son dogon suna, nan da nan aka gutsure shi ya koma Thaler, mutanen Holan suka ce daalder, Ingilishi suka ce dollar. Amurka kam daga baya ta shigo, sai a 1792 ta kafa dokar buga nata kuɗin da wannan suna.

Inda abin ya shafe mu shine sulen Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, shima Thaler ne. Azurfa ce mai nauyi, kusan giram 28, gefe guda hoton sarauniyar ɗaya gefen mikiya mai kai biyu, kuma bayan ta rasu ko a wace shekara aka buga sai a rubuta 1780, shekarar rasuwarta, saboda shi mutane suka sani suka yarda da shi. Fatake ne suka ƙetaro da shi Sahara har Borno da Kano tun ana ciniki da kuɗin wuri, maƙeran farfaru ma har narka shi suke suyi wa mata awarwaro.

Tambayi dattawa a Agege ko Idi-Araba, zamanin fam da sule in an ce dala ana nufin sule 2. A Nijar kuwa har gobe dala sefa 5 ce, shi yasa in abokinka yace dala ashirin, sefa 100 yake nufi.