Su Wane Ne 'Yan Hippi, Kuma Su Ne Suka Tsayar Da Yaƙin Biyetnam?

Tambaya: Malam, na ci karo da wani tsohon hoto, wani saurayi yana cusa fure a bakin bindigar soja, an ce a Amurka ne lokacin yaƙin Biyetnam. Wai su ne 'yan hippi? Da gaske su suka kawo ƙarshen yaƙin, ko 'yan shaye-shaye ne kawai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, hoton nan na watan Oktoban 1967 ne, ranar da dubban masu zanga-zanga suka yi tattaki zuwa Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka. Sai dai ba duk wanda ya fito ranar ba ne ɗan hippi.

'Yan hippi akasarinsu 'ya'yan Turawa ne masu rufin asiri, waɗanda aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Iyayensu sun shata musu hanya: ka yi karatu, ka aske kai, ka sa kwat, ka sami aikin ofis, ka sayi gida da mota. Su kuma suka ce a kai kasuwa. Suka tara gashi har kafaɗa, suka koma zaman gandu a gidajen haya da gonaki, ga kiɗa ba dare ba rana. A bazarar 1967 suka yi wa unguwar Haight-Ashbury ta San Francisco tsinke, a Agustan 1969 kuma kusan mutum 400,000 suka kwana cikin ruwan sama da taɓo a bikin kiɗa na Woodstock. Batun shaye-shaye kuwa ba ƙage ba ne, tabar wiwi da ƙwayar LSD sun lalata da yawa daga cikinsu.

Amma abin da ya hura wutar ba gashi ba ne, takardar kiran shiga soja ce. A lokacin, namiji na cika shekara 18 dole ya yi rajista, a ba shi kati, ya zauna jiran ranar da za a ce ya zo a auna shi. Abin takaicin, a yawancin jihohi ba shi da ikon jefa ƙuri'a sai ya kai 21. Ka isa mutuwa, ba ka isa zaɓe ba! Ɗan jami'a ana ɗaga masa ƙafa, don haka ɗan talaka da baƙar fata suka fi shan wuya. Samari suka riƙa cinna wa katin ashana a bainar jama'a, har majalisa ta mai da hakan laifi a 1965. Wasu dubbai suka tsallake zuwa Kanada. A Disamban 1969 aka koma caca: ana zaro ranakun haihuwa daga cikin wata ƙatuwar kwalba don tantance waɗanda za a fara kira, iyalai na zaune gaban talabijin, gabansu na faɗuwa.

Ka lura, wanda ya fi girgiza ƙasar ba ɗan hippi ba ne. Muhammad Ali ne, da ya ƙi shiga soja a Afrilun 1967 bisa hujjar addininsa. Aka ƙwace kambunsa na dambe, aka yanke masa shekara 5, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. A watan nan na Afrilu ne ma Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ya fito ƙarara ya soki yaƙin.

To, su suka tsayar da shi? A ganina, a'a. Irin shigar da suke yi ma ta sa dattawa da yawa suka tsani zanga-zangar, Richard Nixon kuma ya ci moriyar wannan haushin, ya lashe zaɓen shugaban ƙasa na 1968 da na 1972. Abin da ya karya gwiwar jama'a shi ne babban harin ba-zata na Tet da dakarun kwaminisanci na Biyetnam suka kai a 1968, da akwatunan gawa da ke ta dawowa, sojan Amurka sama da 58,000, ban da miliyoyin 'yan Biyetnam. Sai kuma 4 ga Mayun 1970, da dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai 4 a wurin zanga-zangar ƙin yaƙin a jami'ar Kent State, ɗaruruwan makarantu suka rufe.

Abin da matasan suka samu a hannu shi ne: an sauko da shekarun zaɓe zuwa 18 a 1971, aka daina kamun soja na dole a 1973, shekarar da sojojin Amurka suka janye. Yaƙin kansa bai ƙare ba sai Afrilun 1975, da Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya, ya faɗa hannun Biyetnam ta Arewa.