Kwana a mota a kan tsaunin Mambila

Salamu alaikum jama'a. To ƙanena, na ji saƙonka, wai in kun hau Mambila za a iya samun fili a faka mota a kwana a ciki, ko dole sai an kama ɗaki. Ni dai na gane, kuɗin masauki ne ba ka son biya. Ka faɗa kawai mana, mu ma duk mun yi.

Ana kwana, sosai ma. Amma kai da ka saba da zafin Jalingo, sanyin can sai ya ba ka mamaki. In ka bar Serti ka kai Mayo Selbe, nan hawan yake farawa, kuma can sama kana maganar mita 1,500 ne ko fiye. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Mota kuwa ƙarfe ce da gilashi, ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan.

Shekarar da muka je da mijin ƙanwata, na ce masa ya ɗauko bargo, ya ce wai shi a Jos ya yi karatu, wane sanyi ne bai gani ba. Muka kwana a Maisamari... a'a, tsaya, Nguroje ne, don na tuna mai shayin bakin tasha. Wajen ƙarfe 3 na dare na farka haƙorana suna haɗuwa, ashe mutumin ya janye mini bargo ya nannaɗe kamar dambun nama a leda. Bai tsaya nan ba, ya tada inji ya kunna hita, gilasai duk a rufe. Na ce kashe! Wannan shi yake kashe mutane cikin barci. Iska mai guba da ke cikin hayaƙin salansar mota ba ta da wari, in ta taru a ciki sai dai a wayi gari a same ku. Kaskon gawayi ma haka, kada ma ka fara. Kuma bargon nan, wallahi, har yau yana gidansa. Na Makka ne fa, mai damisa, Hajiya ce ta kawo mini. Yana cikin gurup ɗin nan yana jina.

Ina nake ma? Yauwa, wurin fakin. Kada ka tsaya a gefen titi kusa da kwana, gajimare yana saukowa har ƙasa, mai babbar mota ba zai gan ka ba. Ka nemi kusa da masallaci ko tasha, ka gaisa da mai gadi, ka ba shi na goro. Wuri mai lebur, birkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa dutse a bayan taya. Ka ɗan sauke gilashi kamar faɗin yatsa, in ba haka ba da asuba tururin numfashinku zai riƙa ɗigo muku a ka.

Maganar saukowa kuma, kada ka dogara da birki kaɗai, yana zafi ya saki, ka sa ƙaramar giya... bari dai, an kira sallah, zan ƙarasa maka anjima.