Tambayoyinku: Kostoma biyu sun zo min a lokaci ɗaya, ya zan yi?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti, don Allah a taimaka min da shawara. Ina da salun, mu uku muke aiki, ni da yara biyu, muna kitso da wankin kai da rini da gyaran farce. Matsalata ita ce kusan duk sati sai mata biyu sun shigo a tare kowacce tace ita aka ba ƙarfe goma, ɗaya ni ta yi wa magana ta WhatsApp ɗaya kuma yarinyar shago ta kira, sai in rasa wa zan fara yi wa, akwai ma wadda ta yi fushi ta fita har yau ba ta dawo ba. Ƙawata tace in sauke manhaja a waya, wai ita ce maganin abin. Haka ne? Daga mai salun da abin ya dama.

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Manhaja za ta taimaka miki amma ba daga nan matsalar ta taso ba, kin ma faɗi tushenta da bakinki, ke kina ba da lokaci a wayarki yarinya tana bayarwa a tata, kuma babu inda maganar taku take haɗuwa. Toh ko wace irin manhaja kika sauke in dai aka ci gaba da haka sai an ci karo.

Abin da za ki fara yi, wuri ɗaya tak za a riƙa rubuta lokaci, littafi ne ko waya, kuma ki kafa wa kowa doka har da kanki: ba a cewa kostoma "toh shikenan ki zo" sai an duba an rubuta tukuna. In saƙo ya same ki kina tsakiyar kitso hannunki duk mai, ki ce mata bari in duba zan tabbatar miki, ya fi ki amsa da ka ki manta. Galibin karon nan daga "zan rubuta anjima" yake fitowa.

Sai kuma inda na fi so ki tsaya ki fahimta sosai, don nan ne masu salun da yawa suke faɗawa ko da littafinsu ɗaya ne. Suna rubuta lokacin farawa kawai, ba sa rubuta na gamawa. An rubuta wance ƙarfe 10, wance ƙarfe 12, a takarda ba su haɗu ba, amma ta ƙarfe 10 ɗin ƙananan kitso na attach take so wanda zai iya cin awa biyar ko shida har fiye, kin ga kenan ta sha biyu za ta zo ta tarar ko rabin kai ba a kai ba. Saboda haka kafin ki ba mace lokaci ki tambaye ta me za a yi mata, gashin nata dogo ne ko gajere, mai cika ne, ta tsefe ko a shago za a tsefe mata, don tsifa kaɗai tana cinye lokacin da ba a lissafa ba. Ki zauna da yaranki ku rubuta tsawon kowane aiki yadda yake a gaskiya, kuma da saurin hannun kowa, don abin da ke za ki gama a awa biyu sabuwar yarinya sai ta kai uku. Tsakanin kostoma da kostoma ki bar minti 10 zuwa 15 na share gashi a ƙasa da wanke kum da goge kujera, ke ma ki miƙe bayanki.

Littafin ki tsaga shi gida uku, kowace mai aiki da layinta, sannan kar ki manta kayan aiki ma ana karo a kansu. In wurin wankin kai ɗaya gare ki ko draya ɗaya, ko ku goma ne a shagon ba za a wanke kai biyu a tare ba, don haka kar ki jera masu wankin kai biyu a lokaci guda.

Akwai inda za ki iya haɗa mutum biyu da gangan kuma ba laifi. Rini bayan an shafa yana buƙatar kamar minti 30 zuwa 45 kafin a wanke, a wannan tsakanin kina iya yin ɗan ƙaramin aiki irin gyaran gira. Amma banda rilaksa, wato man miƙar da gashi, don Allah. In kin shafa wa mace rilaksa ki tsaya a kanta ki bi mintocin da aka rubuta a jikin kwalin, in ya wuce ƙima yana ƙona fatar kai ya karya gashi, wannan kuma ya fi rasa kostoma ɗaya muni.

Maganar manhaja kuma, Google Calendar kyauta ce, za ki iya buɗe wa kowace yarinya kalandarta da kalarta daban duk ku riƙa gani a wayoyinku, sai dai ki sani ba za ta hana ki ɗora mutum biyu a awa ɗaya ba, idonki ne zai gani. Irin su Fresha da Booksy don salun aka yi su, ana saka tsawon kowane aiki a ciki, in an kama lokaci sai ya rufe ga masu kamawa ta intanet. Amma wadda ta kira waya ko ta shigo da ƙafarta dole nan take a shigar da ita, kuma a tabbatar akwai data, in ba haka ba abin da yarinya ta saka ba zai fito a wayarki ba.

Daga kin rubuta ki tura wa kostoma saƙo mai ɗauke da rana da kwanan wata da ƙarfe nawa da aikin da za a yi, kar ki yarda da "zan zo da yamma", yamma tana da faɗi. Ana gobe ki sake tuna mata. Ki kuma faɗa mata tun farko cikin mutunci cewa in ta makara fiye da minti 15 za a ba ta wani lokacin ko ta jira a gama da mai bi mata.

Ita kuwa wadda ta yi fushi ta tafi, ki kira ta da kanki ki ba ta haƙuri, kar ki ɗora wa yarinya laifin, ki bar ta ta zaɓi ranar da ta yi mata, ki rubuta tana kan layi ki karanta mata ta ji.